Rimaf ga Hilux mai aikin rairayi: wanne ya dace a zaɓa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da Hilux ƙirar 2013 mai injin gas 3.0 da giyar hannu, ta yi tafiyar kilomita 210,000. Ina kai kaya daga Gashuwa zuwa ƙauyukan Yusufari da Machina, kuma galibin hanyar rairayi ce. Bara na sa mata manyan tayoyi, tun daga lokacin nake jin ta yi nauyin tashi, musamman idan da lodi. An ba ni shawara uku: wani ya ce in sayi ƙaramin akwati da ake maƙalawa a inji, wani ya ce zai zuba mata sabuwar manhaja cikin minti 30 ta ƙaru da doki 40, wani kuma ya ce in kai ta inda ake ɗora mota a kan na'urar gwaji a tsara mata nata. Wanne zan zaɓa, kuma da gaske ne shan mai zai ragu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake nema, idan na fahimce ka, shi ne motar ta dawo da kuzarin da ta rasa ba tare da ka jefa injin da kake cin abinci da shi cikin hatsari ba. A cikin shawarwarin nan na ukun ne kawai zan amince da shi, wato rimaf (sake rubuta manhajar da ke sarrafa inji) a kan na'urar gwaji, amma ba shi ne matakin farko ba, kuma mai yiwuwa ne idan ka bi abin da zan faɗa ka tarar ba ka buƙatarsa gaba ɗaya.

Abin da rimaf yake taɓawa

Injin motarka shi ne wanda Toyota ta sa wa suna 1KD-FTV, mai tobo da bututun mai na bai-ɗaya wanda yake riƙe gas a matsi mai tsanani, sama da bar 1,500 idan ana cikin aiki. Ba ƙafarka ce take zuba mai kai tsaye ba. Idan ka taka totur, saƙo ne kake aika wa ƙwaƙwalwar mota, wadda bakanikai suke kira birenbos, ita kuma sai ta duba jadawalin da aka rubuta mata ta yanke yawan man da kowane nozul zai fesa, da lokacin da zai fesa, da matsin da zai fesa da shi, da kuma yawan iskar da tobo zai tura. A gefen waɗannan akwai wasu jadawalai na tsaro: wanda yake hana ƙarfin murɗawa wuce wani haddi, wanda yake hana a zuba man da ya fi ƙarfin iskar da ke akwai don kada hayaƙi ya turnuƙe, da wanda yake rage mai idan ruwa ko iska sun yi zafi fiye da kima. Rimaf shi ne sake rubuta waɗannan lambobi. Ba ya ƙara wa inji ƙarfe ko ɗaya. Rarar da kamfani ya ajiye ce yake ci.

Rarar kuwa tana nan, ba ƙarya ba ce. A Hilux irin taka injin yana ba da ƙarfin doki 171 da ƙarfin murɗawa Nm 343, alhali injin nan ɗaya a cikin Prado na zamaninsa yana ba da Nm 410. Haka kuma injin V8 na gas mai lita 4.5 yana ba da Nm 430 a Land Cruiser 79 mai tobo ɗaya, amma ya kai Nm 650 a Land Cruiser 200 mai tobo biyu. Masu tallar rimaf suna son kawo waɗannan misalai, kuma suna da hujja. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne yadda kamfanin yake yi idan shi da kansa zai ƙara ƙarfi. A 2020, da Toyota ta ɗaga injin 2.8 na Hilux daga doki 177 zuwa 204, daga Nm 450 zuwa 500 a mai giyar otomatik, ba lambobi kawai ta sauya ba: ta sa tobo mafi girma, ta gyara tsarin fesa mai, ta kuma inganta sanyaya inji. Kai da za ka sauya lambobi kaɗai, kuloci ɗinka da lagireto da fistin duk suna nan yadda suke tun 2013, sai ma tsufan da suka ƙara.

Wannan bayani na masu injin gas mai tobo ne. Wanda yake da Hilux mai fetur 2.7, irin wadda ta cika titunan Najeriya, ya adana kuɗinsa, domin injin da ba shi da tobo iskar da yake zuƙa ce iyakarsa, kuma abin da rimaf zai ƙara masa da kyar ƙafa za ta ji shi. Mai tsohuwar Land Cruiser da injin 1HZ kuwa ba shi da ƙwaƙwalwar da za a sake wa rubutu, famfon mansa na ƙarfe ne zalla.

Fara da tayoyin

Ka faɗi wata magana a tsakiyar tambayarka wadda a wurina ita ce mafi muhimmanci: motar ta yi nauyi ne tun da ka sa manyan tayoyi. Ba ka faɗi lambarsu ba, don haka bari in ɗauki misalin da na fi gani. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, mai lamba 285/70R17 kuwa kusan 831, wato bambancin kashi 7 cikin ɗari. Wannan kashi 7 ɗin ana cire shi ne kai tsaye daga ƙarfin da yake isa ƙasa a kowace giya, har da giyar ogzilari, sannan ga ƙarin nauyin tayar kanta da inji zai riƙa juyawa. Giya ta biyu da a da take fitar da kai daga rairayi yanzu ta ƙara tsawo, inji yana faɗowa ƙasa da inda tobo yake fara tura iska sosai, kai kuma dole ka riƙa wasa da kuloci don kada ta mutu. Injin bai rasa komai ba, tsawon giyar ne ya ƙaru.

Maganin wannan na asali biyu ne: ko ka koma girman tayar da motar ta zo da shi, ko a sauya haƙoran aksul na gaba da na baya tare zuwa masu gajeren zango, wanda aiki ne mai tsada da yake buƙatar gwani. Na farkon ya fi sauƙi, kuma ba za ka yi asarar da kake tsoro ba, domin abin da yake ɗaga mota a kan rairayi ba girman taya ba ne kawai, rage iskarta ne. Idan ka sauke ta zuwa 18 ko 20 a ma'aunin mai faci, tafin tayar yana tsawo a ƙasa, motar ta daina haƙa rami ta fara shawagi. Da lodi mai nauyi kada ka sauka ƙasa da haka, kada ka yi gudu ko karya kwana da ƙarfi, kuma ka mayar da iskar da zarar ka hau kwalta, abin da ya sa ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ya fi akwatin da aka tallata maka amfani.

Lafiyar injin kafin a ƙara masa kaya

A kilomita 210,000 ba zan taɓa ƙwaƙwalwar 1KD ba sai na ga wasu abubuwa da idona. Injin nan jarumi ne, amma an san shi da rauni biyu, kuma dukansu rimaf yana tsananta su. Na farko nozul: idan ya tsufa ya fara fesa mai ba daidai ba, zafi yana taruwa a wuri ɗaya a kan fistin har ya tsage shi. Na'urar bincike tana nuna gyaran da ƙwaƙwalwa take yi wa kowane nozul don injin ya daidaita, kuma idan lambar wani ta doshi 3 sama ko ƙasa, ko kuma injin yana ƙara mai kaifi da sanyin safiya, to nozul ake fara nema, ba manhaja ba. Na biyu shi ne ƙaramin wanshar da nozul yake zama a kansa. Idan ya fara yoyo, hayaƙi yana shiga baƙin mai ya zama gawayi, gawayin ya toshe ragar da famfo yake zuƙo mai ta cikinta, injin ya mutu da yunwar mai alhali ma'auni yana nuna a cike yake. Ana iya ganin ragar ranar juyen mai: bayan man ya gama tsiyaya, a haska ƙaramar fitila ko kyamarar waya ta ramin da aka kwance, idan ramukan ragar suna bayyane lafiya, idan kuwa ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, to aikin da ke gabanka ya riga ya bayyana.

Bayan waɗannan sai a duba matatar iska da sansar da ke bayanta, domin ƙurar hunturu a yankinku tana shafe ta har ta riƙa ba ƙwaƙwalwa labarin ƙarya. A duba bututun iskar tobo ko akwai tsaga. A kwance hanyar shigar iska a kankare baƙin da ya daskare a ciki. A wanke lagireto ciki da waje. Sau da yawa mota takan zo mini ana neman rimaf, a yi waɗannan gyare-gyare, mai ita ya zagaya da ita ya dawo ya ce ya fasa, ƙarfin da yake nema ya dawo.

Kuloci kuma ka gwada shi da kanka. Ka sa giya ta huɗu a ɗan hawa, injin yana juyi kusan 1,800 a minti, ka take totur har ƙasa. Idan allurar juyi ta haura amma gudu bai bi ta ba, kuloci ya riga ya fara zamewa, kuma ƙarin ƙarfi zai ƙarasa shi cikin makonni. Na taɓa yin sakaci da wannan gwaji a farkon fara aikina, na tsara wa wata mota ƙarfi mai kyau, ba a yi wata guda ba mai ita ya kwana a daji da lodin hatsi saboda kuloci ya ƙone. Tun daga ranar ba na karɓar aiki sai an yarda kuɗin kuloci mai ƙarfi yana cikin lissafi.

Akwati, fayil, ko gwajin na'ura

Akwatin maƙalawa, aƙalla irin mai arha da ya fi yawa a kasuwa, yana shiga ne tsakanin sansar matsin mai da ƙwaƙwalwa, ya riƙa gaya mata matsin bai kai ba, ita kuma ta ƙara. Mai yana fita da yawa, mota tana ƙara kuzari, direba ya ji daɗi a ranar farko. Illar ita ce ƙwaƙwalwar ba ta san gaskiyar abin da ke faruwa ba, saboda haka duk lissafinta na tsaro a kan lambar ƙarya yake tafiya, famfon mai da nozul kuma suna aiki a matsin da ya wuce wanda aka tsara musu. Akwai akwatuna masu tsada da suke sarrafa tsawon fesawa da iskar tobo, kuma sun fi waɗancan hankali, amfaninsu ɗaya da ba a musu shi ne ana iya cire su a mayar da mota yadda take. Duk da haka, ga injin da rauninsa yake a nozul, ba zan ba da shawarar abin da yake ƙara wa nozul wahala ba.

Mai fayil ɗin minti 30 ya fi ba ni tsoro. Ba zuba manhaja ta kafar bincike ne laifi ba, mu ma ta nan muke zubawa. Tambayar ita ce daga ina fayil ɗin ya fito kuma don wace mota aka rubuta shi. Galibinsu saye ake yi ta intanet, an tsara su ne a Turai ko Ostareliya ko Tailan a kan wata mota mai ƙoshin lafiya, a yanayi mai sanyi, da gas mai tsabta. A Turai tun 2009 sinadarin sulfa a gas bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da haddin 50, kuma kai ka fi ni sanin cewa man da za ka saya a jarka wurin 'yan bumburutu a ƙauye ba ya bin wata doka, wani da ruwa, wani an sirka shi da kananzir wanda yake rage santsin da famfo yake buƙata. Wanda ya yi maka alkawarin doki 40 kafin ya buɗe bonet ya faɗa maka ke nan cewa lambar ba daga motarka ta fito ba. Mafi muni, hanya mafi sauƙi ta samun babbar lamba ita ce a ɗaga ko a kashe jadawalan tsaron nan da na ambata.

Na ga sakamakon haka a kan teburin aikina. An jawo wata Hilux irin taka wadda aka yi wa irin wannan zubi watanni kaɗan kafin nan, tana fitar da farin hayaƙi, murfin baƙin mai yana tsalle idan an sassauta shi. Da muka ɗaga kan injin, fistin na uku yana da tsaga siririya kamar gashi daga bakin kwarmin da mai yake ƙonewa har zuwa gefe, a tsakiyar tsagar kuma wuta ta huda ɗan rami da tsinken ashana zai shiga. Mai motar ya ce allurar zafi ba ta taɓa motsawa ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin allurar ruwa take aunawa, ba wutar da ke cikin silinda ba.

Na uku, wato a ɗora motar a kan daino, na'urar da take riƙe tayoyi tana auna ƙarfin da suke bayarwa, shi ne aikin gaskiya idan mai yin sa na gaskiya ne. Zai auna motar kafin ya taɓa komai, ya ajiye kwafin manhajarta ta asali ya ba ka naka a hannu, ya ƙara kaɗan-kaɗan yana kallon iskar tobo, da yawan mai a kan iska, da zafin hayaƙi, sannan ya riƙe motar a cikin nauyi na mintuna, ba taki ɗaya na daƙiƙa goma don a buga takarda mai kyau ba. Tambaye shi kai tsaye: wane jadawalin tsaro zai bari, a wane zafi motar za ta rage mai da kanta, kuma idan aka sami matsala wa zai mayar da ta asali. Wanda ya san aikinsa yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi. Idan babu daino a kusa da kai, gwani mai na'urar ɗaukar bayanai yana iya yin aiki mai kyau a kan hanya da lodi a bayan mota, kuma na fi yarda da wannan a kan daino a hannun wanda bai damu da zafi ba.

Zafi ne mai yanke hukunci

Na daɗe a kan wannan batu saboda irin aikinka ne mafi tsanani da za a iya ba injin gas. A kan kwalta mutum yana taka totur na ɗan lokaci ya wuce babbar mota ya saki. A rairayi kuwa kana cikin ogzilari, totur a ƙasa, minti goma ko ashirin, gudun bai wuce na keke ba. Na'urar sanyaya iskar tobo a motarka a saman inji take, ƙarƙashin ƙofar iskar nan da ke kan bonet, kuma gudun mota ne yake tura mata iska. Idan gudu ya ragu sai ta zauna tana shan zafin injin da ke ƙarƙashinta. Haɗa wannan da watan Afrilu ko Mayu a arewacin Yobe, inda zafi yake wuce digiri 40 a inuwa. Iska mai zafi ba ta da kauri, mai kuma an ƙara shi, sai zafin hayaƙi ya yi ta hawa. Fistin na alminiyam ne, wanda yake narkewa a kusan digiri 660, kuma abin da yake cetonsa shi ne baƙin man da ake fesa masa daga ƙasa da kuma iskar da take shigowa tsakanin bugu da bugu. Tun kafin ya narke ƙarfinsa yake raguwa, shi ya sa tsagewa take riga narkewa.

Don haka ko ka yi rimaf ko ba ka yi ba, ka sa agogon auna zafin hayaƙi, kuma a dasa sansarsa kafin tobo, domin wadda aka dasa bayansa tana iya nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 zuwa 200. Ƙa'idar da nake ba direbobina ita ce idan ya kai 700 kuma ya tsaya a nan, a sassauta ƙafa ko a sauko giya ɗaya injin ya ƙara juyi ya sami iska. Bayan aiki mai nauyi kuma a bar shi ya yi minti biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe, saboda tobo.

Game da abin da za ka nema a wurin mai tsarawa, kada ka ambaci doki. Ka ce kana son ƙarfin murɗawa a tsakanin juyi 1,600 zuwa 2,600, ya shigo a hankali ba da fizga ba, kuma kada ƙololuwarsa ta wuce wajen Nm 400 zuwa 420, kusa da abin da kamfanin ya riga ya nema daga wannan inji a Prado. Fizga ita ce take karya sandunan tayar gaba da haƙoran aksul a lokacin da taya ta yi ta juyawa a banza sannan ta kama ƙasa mai tauri farat ɗaya. Idan ya ba ka shawarar toshe bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi, ko cire matatar DPF mai tace baƙin hayaƙi idan motarka 'yar Turai ce mai ita, ra'ayina shi ne a wanke su a gyara. Hayaƙin da za ka saki a kasuwar ƙauye yara ne da mata masu talla za su shaƙe shi, kuma baƙin hayaƙi a bayan mota mai ne da ka saya da kuɗinka yake fita bai ƙone ba.

Batun shan mai

Rimaf mai kyau yana iya rage shan mai kaɗan a doguwar tafiya, saboda za ka riƙe babbar giya a inda a da sai ka sauko. Amma ƙarin ƙarfi daga ƙarin mai yake zuwa, kuma duk lokacin da ka yi amfani da shi sai ka biya. A rairayi da lodi kada ka sa ran ragi. Kada kuma ka yarda da lambar da allon mota yake nunawa, musamman da akwati, domin ƙwaƙwalwar tana lissafi ne da man da take zaton ta zuba. Manyan tayoyinka ma sun riga sun ɓata lissafin, tunda agogon kilomita yana ƙirga ƙasa da tafiyar da ka yi. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka cika tanki har baki, ka rubuta kilomita, ka yi zuwa da dawowa uku a hanyar da ka saba da irin lodin da ka saba, ka sake cikawa a famfo ɗaya. Ka yi haka kafin a taɓa motar, don ka sami abin kwatantawa daga baya.

Iyakar wannan amsa ita ce daga nesa nake ba da ita, kuma lambobin da na kawo na wannan inji ne da giyar hannu. Mai otomatik sai ya ƙara da kula da zafin man giya, mai wata mota kuma kada ya ɗauke su ya ɗora wa tasa. Hukunci na ƙarshe yana wurin wanda zai karanta lambobin nozul ɗinka ya kuma leƙa ragar man. Da motar tawa ce, da wannan watan zan mayar da tayoyin asali, in yi binciken nozul da wansharsu, in wanke hanyar iska, in sa agogon zafin hayaƙi, sannan in yi wata biyu ina aiki da ita ina rubuta mai da zafin da nake gani a wuraren da suka fi wuya tsakanin Gashuwa da Yusufari. Idan bayan haka har yanzu tana gazawa da lodin da bai wuce ƙa'idarta ba, sai in sayi kuloci mai ƙarfi, in ɗauki littafin da na rubuta in kai wa mai daino, in ce masa ga inda nake son ƙarin, ga kuma zafin da ba na son a wuce.